Svaha, The Wailing ko Exhuma: Wanne Ya Kamata Ka Fara Kallo?

Duk wanda ya shiga neman fina-finan Koriya ta Kudu masu haɗa bincike da addini da abin tsoro, sunaye uku ne za su riƙa dawo masa: The Wailing na 2016, Svaha: The Sixth Finger na 2019, da Exhuma na 2024. Ana yawan jera su wuri guda kamar 'yan ɗaki ɗaya, kuma gaskiya ne biyu daga cikinsu, Svaha da Exhuma, darakta ɗaya ne ya yi su, wato Jang Jae-hyun. Amma abin da kowanne yake nema a wurin mai kallo daban ne. Kowanne ya haura awa biyu: Svaha minti 122 ne, Exhuma 134, The Wailing kuwa 156. Ga kuɗin data, ga dare guda da mutum zai sadaukar, don haka gara ya san inda zai sa ƙafa tun kafin ya danna.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, wanda ya zo don bincike da labarin ƙungiyoyin addini na ɓoye ya fara da Svaha, duk da cewa shi ne ya fi ƙarancin kasuwa a cikin ukun. A sinimomin Koriya ya sayar da tikiti kusan miliyan 2.4, The Wailing ya kusa miliyan 7, Exhuma kuwa ya haura miliyan 11. Yawan tikiti yana nuna fim ɗin da ya fi sauƙin haɗiya ne, ba wanda ya fi dacewa da abin da kake nema ba.

Svaha ya buɗe da muryar wata yarinya mai suna Geum-hwa, wadda aka haifa a 1999 a Yeongwol, wani yanki mai duwatsu a lardin Gangwon. 'Yan biyu ne. 'Yar'uwarta ta fito jikinta duk gashi, kuma tun a ciki ta gwaguyi ƙafar Geum-hwa, shi ya sa take ɗingishi. An ce abin ba zai yi kwana ba, sai ga shi ya rayu shekara da shekaru. Iyayen sun mutu, kakanni suka ɗauki riƙo, suka kulle ɗayar a wani ɗaki bayan gida, tsakiyar kejin karnukan da suke kiwo, ko suna ba a raɗa mata ba. Duk ƙauyen da suka sauka sai dabbobi su fara mutuwa, mutane su fara gunaguni.

A ɗaya gefen akwai Fasto Park, wanda Lee Jung-jae ya fito a matsayinsa, jarumin da duniya ta ƙara sani bayan Squid Game a 2021. Park ba waliyyi ba ne. Yana busa sigari, yana son kuɗi, kuma sana'arsa ita ce bankaɗo ƙungiyoyin addini na bogi, manyan coci-coci da gidajen ibadar Buddha su biya shi. Ya sa ido a kan wata ƙungiya da ake kira Tudun Barewa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne babu laifin da ake gani a fili: ba sa tatsar kuɗin mabiya, suna taimakon marasa ƙarfi, komai tsaf. Sai dai maimakon su rusuna wa Buddha, wasu "janar-janar" guda huɗu suke girmamawa. Ana cikin haka wata babbar mota ta daki bangon hanyar da ta ratsa cikin dutse, kankare ya fashe, gawar wata ɗaliba ta bayyana a ciki, da jan wake da laya a bakinta. Daga nan zaren uku, na fasto da na 'yan sanda da na tagwayen, suka fara matsowa kusa da juna.

Abin da ya sa nake fifita shi shi ne binciken na gaske ne. Ana bin alamu ɗaya bayan ɗaya, kuma alamun daga cikin addinin Buddha aka ɗebo su. Janar-janar ɗin nan su ne Sarakunan Sama Huɗu, waɗanda a al'adar Buddha suke gadin gabas da yamma da kudu da arewa, kuma gumakansu masu zare ido suna tsaye a ƙofar shiga manyan gidajen ibada na Koriya har gobe. Park ya lura rassan ƙungiyar huɗu ne, a Taebaek da Jeongseon da Jecheon da Danyang, kuma idan ka ɗora su a taswira sun zagaye Yeongwol. Me suke gadi a tsakiya? Sai littafin ƙungiyar, wanda aka cusa masa wasu lambobi da ba wanda ya gane kansu. Lokacin da ma'anar lambobin ta fito, ni dai sai da jikina ya yi sanyi, kuma babu wani dodo a allon a wannan lokacin, takarda ce kawai da biro.

Ba zan tona ƙarshen ba, amma dole in faɗi ƙashin bayan labarin domin a kansa zaɓin ya rataya. Wanda ya kafa tushen ƙungiyar, Kim Je-seok, an haife shi a 1899. Fim ɗin bai nuna shi a matsayin ɗan damfara ba. Mutum ne da ake ganin ya kai maƙura a ibada, ya yi wa ƙasarsa hidima, har manyan malaman Buddha na wasu ƙasashe suna girmama shi. Sai wani babban malami daga Tibet ya yi masa duba cewa bayan shekara ɗari da haihuwarsa, a garin da aka haife shi, za a haifi wadda za ta zama ajalinsa. Tsoron mutuwa ya shige shi. Ya je gidan kangararrun yara ya ɗauko samari huɗu da suka kashe iyayensu maza, ya zame musu uba, ya gaya musu su ne masu gadin haske, ya aike su farautar 'yan matan da aka haifa a Yeongwol a 1999.

Mai kallo Musulmi zai tuna Fir'auna da yankan jariran Bani Isra'ila, Kirista kuma zai tuna Hirudus da yaran Baitalami. Fim ɗin da kansa ya kama wannan, domin a lokacin Kirsimeti labarin yake gudana, kuma Park ya ce ranar ba ta murna kaɗai ba ce idan aka tuna yaran da aka kashe. Wannan ne ya sa fim ɗin bai zame mini baƙo ba duk da nisan ƙasa da bambancin addini.

Wanda ya fi taɓa zuciya a cikinsa ba faston ba ne, Na-han ne, ɗaya daga cikin samarin huɗu, wanda Park Jung-min ya fito a matsayinsa. Bakanike ne mai rinannen gashi, ba ya yawan magana, ba ya iya barci saboda yaran da ya kashe suna zuwar masa cikin dare. Bai taɓa cin ribar komai ba. Ya yarda ne da zuciya ɗaya cewa aikin alheri yake yi, domin mutumin da ya fara kiransa ɗa shi ne ya ce masa haka. Fina-finai da yawa suna nuna mabiyan irin waɗannan ƙungiyoyi kamar wawaye ko mahaukata. Svaha ya nuna yadda ake kama su ta wurin yunwar da ke zuciyarsu: maraici, kunyar laifin baya, da neman wanda zai ce musu rayuwarsu tana da amfani. A cikin fina-finan uku babu wanda ya yi wannan sai shi.

Kuma ba daga iska aka ƙago damuwar ba. A ƙidayar 2015, fiye da rabin mutanen Koriya ta Kudu sun ce ba su da addini, kusan kashi 20 cikin ɗari Kiristoci 'yan Furotesta ne, kusan kashi 15 mabiya Buddha, kusan kashi 8 Katolika. Duk da haka ƙasar ta sha fama da sababbin ƙungiyoyi masu shugaban da ke ɗaukar kansa mai ceto. A 1987 an tsinci gawar mutum 32 a rufin wata masana'anta a Yongin, a abin da ake kira lamarin Odaeyang, sunan wata ƙungiyar addini. Sana'ar Fasto Park ma ta wanzu a zahiri: Tak Myeong-hwan, wanda ya shafe shekaru yana bankaɗo irin waɗannan ƙungiyoyi, an daɓa masa wuƙa ya mutu a 1994. Iƙirarin zama Maitreya, Buddhan da mabiya ke jiran zuwansa, tsohon abu ne a can. Addinin Buddha ya shiga Goguryeo, wata tsohuwar masarautar Koriya, a 372, kuma a farkon ƙarni na goma wani sarki mai suna Gung Ye ya ce shi ne Maitreya, ya riƙa kashe na kusa da shi, har manyan mayaƙansa suka tumɓuke shi a 918. Shekara ɗaya bayan fitowar Svaha, a Fabrairun 2020, sunan cocin Shincheonji ya cika duniya saboda ɓarkewar korona a Daegu.

Wani abin da ya kamata a sani: fim ɗin ba zagin addinin Buddha yake yi ba. Akwai wani malamin Buddha mai suna Hae-an, tsohon abokin makarantar Park, mai barkwanci da sauƙin kai, shi yake warware masa ƙulle-ƙullen. Shi ne ya bayyana cewa a koyarwarsu babu wani mugu da aka halitta mugu har abada, kwaɗayi da manne wa abu su ne tushen sharri, kuma kowane abu yana samuwa ne saboda samuwar wani. A kan wannan aka gina labarin duka. Wanda ake kira haske yana iya duhuntawa idan ya manne wa ransa, wadda aka kulle a matsayin la'ana kuma tana iya zama wani abu daban. Ba sai ka yarda da aƙidar ba kafin ka gane yadda take tuƙa labarin.

Svaha yana da rauni, kuma ba ƙanana ba. Bayani ya yi yawa a tsakiya, mutane suna zaune suna faɗa wa juna tarihi da sunaye, wanda ya ɗauke ido daga rubutun fassara na minti biyu zai iya ɓata. 'Yan sandan ba su da wani tasiri. Faston da muka biyo tun farko ya koma ɗan kallo a ƙarshe, abubuwa suna faruwa a gabansa ba da hannunsa ba. Geum-hwa ma an bar ta a gefe fiye da yadda ya kamata. Sannan akwai wurin da Park ya ba da labarin wani abokinsa mai wa'azin Kirista a Afirka ta Kudu, wanda wani yaro Musulmi ya harbe iyalinsa ya ce nufin Allah ne. Manufar wurin ita ce nuna abin da ya girgiza imanin Park, ba hukunci a kan Musulunci ba, amma ni ban ji daɗin yadda aka jefo shi a taƙaice aka wuce ba, kuma gara ka sani kafin ka ci karo da shi.

The Wailing wata dabba ce daban. Na Hong-jin ne ya yi shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes na 2016. Labarin wani ɗan sanda ne mai ƙiba da tsoro, Jong-goo, a ƙauyen Gokseong, inda mutane suka fara fitar da ƙuraje, su haukace, su karkashe iyalansu. Hukuma ta ce wani naman kaza mai guba ne. Mutanen gari suka ce wani tsoho ɗan Japan ne da ya tare a daji. Jong-goo yana ta shirme, har kana dariya, sai ciwon ya kama 'yarsa Hyo-jin, dariya ta ƙare. Aka kira boka Il-gwang, ga kuma wata mace mai farin kaya da ke bayyana tana ɓacewa. Su uku, tsohon da bokan da matar, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, uban kuma dole ya zaɓi wanda zai yarda da shi kafin asuba.

Idan ƙwarewar yin fim kaɗai za a auna, shi ne gwani a cikin ukun, ban da wata tantama. Hong Kyung-pyo, wanda daga baya ya ɗauki hoton fim ɗin Parasite, shi ya riƙe kyamara, kuma ruwan sama da duwatsu da laka sun zama kamar 'yan wasa. Wurin korar aljani da bokan ya yi, da ganguna da ihu da yanka dabbobi, ya fi komai a fina-finan nan uku girgiza mutum. Wanda ya taɓa ganin wasan bori zai gane yanayin nan take: kiɗa na hawa, mai hawan yana juyi, jama'a sun zagaye. Yarinyar da ta fito a Hyo-jin, Kim Hwan-hee, ta yi wasan da manya da yawa ba za su iya ba.

Amma ga inda ya saɓa wa mai neman abin da muke magana a kai. Babu ƙungiyar addini a cikinsa, addinin Buddha kuma kusan babu shi. Bokanci ne da Kiristanci: ya buɗe da aya daga Linjilar Luka, akwai matashin mai hidimar cocin Katolika, akwai carar zakara sau uku. Kuma ba ya warware maka komai. Da gangan darakta yake ruɗa ka yadda aka ruɗa uban, ka gama kallo kana gardama da kanka a kan wa ya yi me. Wasu wannan ne daɗinsa a wurinsu. Wanda yake so a ƙarshe a ce masa ga mai laifi ga dalili, zai tashi da haushi bayan awa biyu da rabi. Nauyinsa ma ba na wasa ba ne. Ba na ba wa mai ƙaramar 'ya shawarar ya kalle shi da dare shi kaɗai.

Exhuma shi ne mai sauƙin shiga. Wani attajirin iyali 'yan Koriya a Los Angeles suna fama da wata cuta da ke bin 'ya'yan fari, har jaririnsu ba ya daina kuka. Bokanya Hwa-rim, wadda Kim Go-eun ta fito a matsayinta, ta ce kakansu ne ba ya jin daɗin kabarinsa. Ta haɗa kai da almajirinta Bong-gil, da wani dattijo masanin zaɓen wurin binne gawa, wanda Choi Min-sik ya fito a matsayinsa, da mai shirya gawa, wanda Yoo Hae-jin ya fito a matsayinsa, don a tono akwatin a ƙona. Dattijon yana ganin wurin, a kan wani dutse kusa da iyakar Koriya ta Arewa, ya ce shi ba ruwansa. Kuɗi suka sa aka ci gaba. Rabin farko yana da kyau ƙwarai, domin kana kallon ƙwararru huɗu suna aikinsu, kowa ya san hannunsa, har ɗanɗana ƙasar kabari dattijon yake yi. Rabi na biyu ya juya zuwa tarihin mulkin mallakar Japan na 1910 zuwa 1945, da tsohuwar maganar da ake yi cewa Japanawa sun kafa turakun ƙarfe a duwatsun Koriya don karya lagon ƙasar. Nan ne abin tsoron ya fito fili da jiki, kuma a ganina nan ne fim ɗin ya rage ƙarfi. Ɗan Koriya zai ji wannan sashe a jininsa, shi ya sa suka cika sinima. Wanda ba tarihinsa ba ne zai ga dodo kawai. Addinin Buddha a nan bai wuce rubutun nassi da aka zana a jiki don kariya da wani ƙaramin gidan ibada ba, ƙungiyar ɓoye kuwa babu ita sam.

Ta fuskar abin da ido zai gani, duka ukun an ware su ga 'yan shekara 15 zuwa sama a Koriya, amma ba ɗaya suke ba. The Wailing ya fi jini da gawarwaki da zagi, kuma akwai ɗan gajeren wurin miji da mata a cikin mota kusa da farko, wanda zai sa ka ji kunya idan da manya ko yara a ɗakin. Exhuma yana da dogon wurin tsafi da gawarwakin aladu da wuƙaƙe, da tonon kabari da ƙona gawa, abubuwan da wasu ba za su iya zama su kalla ba. Svaha ya fi su kamewa: akwai macizai, akwai kashe kai, akwai wata giwa da aka harbe, kuma batun kisan 'yan mata ne, amma yawancin ta'asar ana faɗinta ne ba a nuna ta. A ukun duka akwai bokaye da layu da kiran iskoki. Wanda zuciyarsa ba ta natsuwa da kallon irin wannan, Svaha ne ya fi ƙarancinsa, domin bokanyar da ke cikinsa a farko kawai ta bayyana.

Sai batun fassara. Exhuma da The Wailing za ka iya bin su ko da rubutun ƙasan allo ya ɗan yi rauni, domin hoto yana ɗauke da rabin labarin. Svaha ba haka ba ne. Sunaye da shekaru da lambobi su ne alamun, don haka nemi kwafi mai fassara ingantacciya, kamar wanda Netflix ya fitar, kuma ka ajiye waya a gefe. Ka riƙe abu uku a ka tun daga farko: 1899, 1999, da Yeongwol.

Idan taron abokai ne ana son abin da zai riƙe kowa ba tare da dogon tunani ba, a sa Exhuma. Idan kai mai son fim ne don fasaharsa, kana da juriya, kuma ba ka damu a bar ka cikin duhu ba, The Wailing naka ne, ka ware masa daren da ba ka da sammako. Idan kuma abin da ya kawo ka shi ne bincike mai amsa a ƙarshe, da son gane yadda shugaban addini ke juya amanar mabiyansa ta zama makami, ka fara da Svaha. Mai niyyar kallon duka ukun ya bi wannan jeri: Svaha, sai Exhuma don ya ga yadda hannun darakta ɗaya ya sauya cikin shekara biyar, The Wailing a ƙarshe, domin wanda ya fara da shi zai ga tsoron sauran biyun bai kai ba. Wanda kuma salon Jang Jae-hyun ya kwanta masa, akwai fim ɗinsa na farko, The Priests na 2015, labarin limaman Katolika biyu da ke ƙoƙarin cire aljani daga jikin wata ɗaliba a Seoul, kuma ya fi duka ukun nan gajarta.